Filin Tsallake-tsallake a Tsakar Gida: Yadda Wasa Ke Gina Jikin Yaro

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san wasannin da yara kan yi a dandali, kamar langa da 'yar gala-gala da tsere a lunguna. A yau gine-gine sun cinye filaye da yawa a cikin ganuwa, babura sun cika hanyoyi, wayar hannu kuma ta zaunar da yara wuri guda. Wannan asara ce ga jikin da ke girma, domin akwai ginin da jiki ba ya yi sai da motsi.

Abin da tsalle ke yi wa ƙashi

Ƙashi abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon gini, da wasu masu aza sabo. A shekarar 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana sake ginin kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Duk lokacin da yaro ya yi tsalle ya dira, ƙasusuwan ƙafarsa da na ƙugunsa suna samun saƙon su ƙara kauri. Mafi yawan wannan gini a ƙuruciya da samartaka ake yin sa, kuma shi ne jarin da mutum zai ci a lokacin tsufa.

Haka nan tsayuwa daram koyon ta ake yi. A can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya juya. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya shi ke haɗa wannan labari da na ido da na tsokoki, ya gyara tafiya kafin mutum ya faɗi. Yawan gwaji ke sa ya ƙware.

Saboda haka a shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki sosai na kimanin minti 60 a kullum, su kuma yi wasan da ke ƙarfafa ƙashi da tsoka aƙalla kwana 3 a mako.

Yadda za a shirya filin

Tsakar gida ko gefen filin makaranta ya wadatar. A jera matakai biyar a zagaye:

1. A shimfiɗa dogon katako a ƙasa, yaro ya bi ta kansa ba tare da ya taka ƙasa ba. In babu katako, a ja layi da toka.
2. A kwantar da tsofaffin tayoyi 4, ya riƙa dirawa daga wannan zuwa wancan.
3. A ɗaura igiya tsakanin kujeru biyu, ya yi rarrafe ta ƙarƙashinta a kan tabarma.
4. A jera gwangwanaye 5 cike da yashi, ya ratsa tsakaninsu a guje, dama da hagu.
5. Ya koma mafari da ƙafa ɗaya, kamar mai langa.

Idan yara sun saba, sai a sauya jerin, domin ƙwaƙwalwa ta sami sabon aiki. 'Yan mata ma su shiga, don su ne suka fi fuskantar raunin ƙashi bayan girma.

A yi hattara

Kada abin tsallakewa ya wuce gwiwar yaro, domin ƙarshen ƙasusuwansa, inda tsawo ke ƙaruwa, bai gama ƙwari ba. A share kwalabe da ƙusoshi, a rufe rijiya, a nisanci kududdufi. Kada a mai da ganuwa wurin hawa: ƙasarta na zaizayewa, kuma kayan tarihi ce. A huda tayoyin don kada ruwan damina ya kwanta sauro ya hayayyafa. A watannin Maris da Afrilu a yi wasan da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. Babba ya tsaya a wurin har a tashi.

Gwaji ga ɗalibai

Malamin kimiyya na iya mai da filin ɗakin gwaji. Kowane ɗalibi ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15, ya ninka sau 4, kafin ya zagaya filin da kuma bayan ya gama. Sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya idonsa a buɗe, ya sake idonsa a rufe, abokinsa na duba agogo. A rubuta sakamakon, a maimaita bayan mako 6, a kwatanta. Amfanin motsi ne ɗalibi zai gani a cikin alƙaluman da ya rubuta da hannunsa.