Gyaran Ƙwayoyin Gado da Ciwon Daji: Ina Rabon Mutanen Kebbi?

Kwanakin baya, a wajen wata ta'aziyya a unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi, wani dattijo ya tambaye ni: "Malam, da gaske ne Turawa sun fara gyara ƙwayoyin gado don warkar da ciwon daji?" Ɗansa ne ya rasu da kansar hanta, bai kai shekara 40 ba. Amsar ita ce e, amma da sauran magana.

Ciwon daji yakan fara ne idan umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gado ya lalace, tantanin jiki ya shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Daga cikin masu tsawatar masa akwai ƙwayar gado mai suna p53. A 2003 ƙasar Sin ta amince da Gendicine, maganin da ke ɗora lafiyayyar p53 a kan bairos da aka karya lagonsa, a kai ta cikin ƙarin kai da wuya. A 2015 Amurka ta amince da Imlygic domin kansar fata, sannan a Agustan 2024 ta amince da Tecelra: a ɗebi ƙwayoyin garkuwar majinyaci, a sauya musu umarni, a mayar da su jikinsa su farauci wani nau'in ƙari.

Irin wannan dabara ta ƙarshe ta yi tasiri a kansar jini tun 2017, amma ƙari mai tauri, kamar na mama ko hanta, ya fi taurin kai. Yakan kewaye kansa da tsokar da ke hana shiga, ya raunana garkuwar da ta kutsa, kuma ƙwayoyinsa ba iri ɗaya ba ne. A kashe wasu, wasu su tsira. Ga tsada: an sa wa Tecelra farashin dala 727,000. Alhali majinyacin Argungu mai buƙatar gashin kansa sai ya nufi asibitin koyarwa na Sakkwato ko gaba da nan.

To, ga abin lura. Wannan p53 da masana ke wahalar gyarawa, mun san abin da ke lalata ta a yankinmu. Dafin aflatoksin, da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, yana illata ta a hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B; binciken da aka yi a Gambiya ya nuna hakan. Bairos ɗin HPV ma ita yake karyawa kafin kansar bakin mahaifa ta bayyana. Duka ƙwayoyin cutar biyu suna da rigakafi: na hanta ana yi wa jariri da zarar an haife shi, na HPV kuwa Najeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun Oktoban 2023.

Jihar da tsohuwar uwargidan gwamnanta ita ce Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda aka zaɓa a 2024 ta jagoranci ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC, bai kamata ta yi sake ba. Jami'o'inmu su shiga binciken, don kada a ƙera magunguna ba tare da nazarin ƙwayoyin gadonmu ba. Kafin gyaran ya iso, mu kai yaranmu rigakafi, mu busar da hatsi sosai kafin ya shiga rumbu, mu garzaya asibiti da zarar mun ji ƙullutu.