Washin Bakin Injin Huda: Na'ura Ko Hannu?

Duk lokacin hutu nakan sauka Dilimi, shagon waldar kawuna, in taya shi aiki. A can na koyi abin da zan bayyana, kuma sai da na yi ɓarna kafin na koya.

Bakin injin huda, wanda masu sana'a ke kira bit, ɗan murɗaɗɗen ƙarfen nan ne da ke cin ƙarfe ko katako. Stephen Morse na Amurka ne ya yi rajistar irinsa a 1863. Idan mai karatu ya duba tsininsa da kyau, zai ga leɓɓa biyu masu kaifi. Su ke yankan, kuma haɗuwarsu kan ba da kusurwa mai digiri 118, ko 135 ga na huda ƙarfe mai tauri. Bayan kowane leɓe dole ya ɗan zame ƙasa. In bai zame ba, goga kawai bakin zai riƙa yi yana ƙara, ba ya ci.

Wata rana Kawu ya tafi Kasuwar Katako, ya bar mini aikin huda ƙyauren wani Alhaji. Bakin ya dakushe, na kai shi kan giranda na wasa da ƙarfin hali. Ashe leɓe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sai bakin ya riƙa rawa, ramin milimita 10 ya fito da faɗi, ƙusa tana lilo a ciki. Ga shi na matsa masa har tsinin ya yi shuɗi. Da Kawu ya dawo ya duba, sai ya ce, "Ɗan jami'a, wannan karatun ba a biro yake ba." Kwana guda ya tafi wajen cike ramukan da walda, Alhaji kuwa ya rage kuɗi.

Washegari ya nuna mini. Ana riƙe bakin da hannu biyu, a taɓa leɓen da dutsen a hankali, a ɗan sauke gindin, sannan a juya ɗaya leɓen a yi masa daidai adadin taɓawar. Ana yi ana tsoma shi a ruwa tun bai yi zafi ba. Ma'auninsa ma abin dariya ne: notuna biyu masu gefe shida ya manne, tsakaninsu ya ba da digiri 120, yana gwada tsinin a ciki.

Na'urar washi kuwa tana da maƙali da ke riƙe bakin a kusurwa ɗaya, don haka leɓɓan kan fito daidai ko a hannun ɗan koyo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masana'antar da ke huda ramuka masu yawa a yini. Sai dai tana da tsada, dutsenta yana cinyewa, kuma kowace tana da iyakar kaurin da take karɓa. Bakin da ya karye rabi, ko ƙaton da ya wuce maƙalinta, hannu zai koma.

A ganina, ƙaramin shago irin namu ba ya bukatarta tukuna. Bakin huda bango dai, mai ɗan ƙarfen kabaid a kai, dutsen giranda na yau da kullum ba ya cin sa, sai koren dutse ko mai lu'ulu'u. Sirara kuwa, na ƙasa da milimita 3, ko Kawu ba ya wahalar da idonsa a kansu, ni yake aika in sayo sababbi.