Ɓawon Koko a Abincin Kaji: Amfaninsa da Iyakarsa

Doguwa da Tudun Wada suna cikin wuraren da suka fi noman masara a Jihar Kano, amma hakan bai kuɓutar da mai kiwon kaji a Bebeji ko Kiru daga tsadarta ba. Masara ce wajen rabin abin da ke cikin buhun abincin kaji, abincin kuma yana lashe kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Ga shi ita ce tuwon gida, don haka kaza da mai ita suna ci ne daga rumbu ɗaya. Duk abin da zai rage wa masara wannan nauyi ya cancanci a dube shi da idon basira, ko daga Kudu ya fito.

Ɓawon koko, wato itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa, yana cikin irin waɗannan. A jihohin Ondo, Osun da Kuros Riba, manomi yana fasa ƙwallon ya kwashe 'ya'yan, ya bar ɓawon yana ruɓewa a gona, alhali shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin ƙwallon. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana nazarin ciyar da dabbobi da shi. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa in an shanya shi an niƙa, kajin nama da suka tasa suna jure kimanin kashi 10 cikin 100 a abincinsu.

Masu ɗari-ɗari da shi suna da hujja. Akwai sinadarin tiyoburomin a jikin koko, wanda in ya yi yawa yake rage wa kaza cin abinci, ya tsayar da girmanta, har ya kashe ta. Ɓawon kuma yana da zare-zare masu tauri da hanjin ɗan tsako ba ya iya narkarwa. Amma wannan hujja iyaka take sawa, ba ta hana amfani da shi. Tafasawa, ko jiƙawa a ruwan toka, ko bari ya tsima, duk suna rage illar. 'Yan tsaki kuwa, a makonninsu na farko, gara a bar su da cikakken abincinsu, domin tsakon da ya tsumbure da wuya ya kamo tsararsa.

Saura batun nisa. Ɗanyen ɓawo ba zai biya kuɗin mota ba, sai dai garinsa busasshe, wanda manyan motocin da ke dawowa daga Kudu ta Zariya za su iya saukewa a Kwanar Dangora. Ko a hakan, dole a gwada farashinsa da na dusar masara da ta shinkafa da ke nan kusa. Aikin masu haɗa abinci ne da masana irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika su auna su fitar da ma'auni kafin mai kiwo ya zuba wa kajinsa.