Ku Yi Hattara da Koren Dankali

Jama'a, dankalin Turawa abinci ne mai kyau. Ana nomansa da yawa a ƙasar Jos, har ana kai shi kasuwannin ƙauye. Amma akwai abin da ya kamata kowace uwargida ta sani kafin ta sa shi a tukunya.

Wannan dankali ba ɗan'uwan dankalin Hausa ba ne. Danginsa su ne tumatir da gauta da taba da zaƙami. Tun asali yana da ɗan dafi a jikinsa, wanda likitoci ke kira solanin, shi ke kare shi daga ƙwari. A lafiyayyen dankali dafin kaɗan ne, ba ya cutar da kowa. Amma in an bar shi a rana, ko ya ƙuje, ko ya daɗe a ajiye har ya tsira, sai dafin ya ƙaru, musamman a ɓawo da tsiron. Alamarsa ita ce bayan dankalin ya yi kore, in an ɗanɗana kuma a ji ɗaci.

Wanda ya ci irin wannan yakan ji zafi a maƙogwaro, bayan 'yan sa'o'i sai ciwon ciki da amai da zawo. Yara ya fi wahalarwa. A 1979 likitoci a Ingila sun ba da labarin wata makaranta inda yara 78 suka kamu bayan sun ci tsohon dankali, aka kwantar da 17 a asibiti.

To, kada wani ya ce ai wuta za ta kashe dafin. Dafuwa ba ta kashe shi. Ga abin da za ku yi:

Ku ajiye dankali a wuri mai duhu da sanyi, inda iska ke shiga.

In koren kaɗan ne, ku fere shi da zurfi, ku ƙwaƙule tsiron duka.

In ya yi kore sosai, ko ya yanƙwane, ko yana ɗaci, ku binne shi. Kada ku ba dabbobi.

Ku hana yara cin 'ya'yan da ke fitowa a kan shukar, masu kama da ɗanyen tumatir.

In wani ya kamu, ku riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, ku hanzarta kai shi ɗakin shan magani, ku kuma faɗa mana abin da ya ci. Asarar kwano guda na dankali ta fi jinyar yaro sauƙi.