KARE MA YA ZAMA ABOKIN JINYA

A Suleja, kamar sauran garuruwan Arewa, aikin kare biyu ne, watau farauta da gadi. Amma a Amurka an ƙara masa na uku, shi ne taya likita jinya.

A 1962 wani masanin halayyar yara a can, Boris Levinson, ya rubuta yadda yaran da suka ƙi yi masa magana suka saki baki bayan sun saba da karensa. A 1976 kuma wata nas, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar kai horarrun karnuka asibitoci da gidajen tsofaffi. Yaro ya sami abokin wasa, tsoho ya sami mai ɗebe kewa.

A Suleja kuwa, yaro kwikwiyo yake so, saurayi na farauta, dattijo tsarkinsa yake tunani. Malaman Malikiyya dai sun ce kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai.

To, amma jama'a, karen jinya sai da allurar rigakafin hauka. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu, ya garzaya asibiti.