Labarin Ɗori da Labarin Ƙirƙira: Ina Iyakar Aro?

Ƙagaggen labari ya kasu gida biyu ta fuskar asalin taurarinsa. Akwai wanda marubuci ke gina komai da kansa, tun daga mutane da garinsu har zuwa rikicin da yadda za a warware shi. Akwai kuma labarin ɗori, inda mai sha'awar wani littafi ko fim zai ɗauki taurarin da aka riga aka sani ya ci gaba da labarinsu, ko ya sauya ƙarshen da bai yi masa daɗi ba. Tun da karatun littattafan Hausa ya koma cikin waya, zaurukan WhatsApp na masu karatu, har da na Gumel da Maigatari, kan kaure da gardama a kan irin wannan rubutu, kuma hukuncin da aka fi yankewa shi ne wai duk satar fasaha ce.

An yi gaggawar yanke hukuncin. Ɓarawon fasaha kwafe shafukan wani yake yi, ya goge sunan mai su, ya mayar da Maryam ta koma Zainab, sannan ya liƙa lambar asusunsa a ƙasa. Mai ɗori kuwa ba ya ɓoye tushe, domin sanin taurarin ne ke jawo masa masu karatu. Jimlolinsa nasa ne, haka ma abubuwan da ke faruwa a labarin.

Aro ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su, kowace kaka tana saka su a tatsuniyar da ta ga dama. Abubakar Imam, a Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, ya sa musu rigar Hausa. Sai dai shi zubin labari ya ara ya sauya mutanen, alhali mai ɗori mutanen yake ara ya sauya labarin.

Wahalar ɗori da ta ƙirƙira ta bambanta, kamar noma a gonar aro da saran sabon daji. Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar da aka ara wa gona ya tarar da ita a share, ta sha taki, shuka kawai zai yi, amma ba shi da ikon sayar da ita ko matsar da iyakarta. Haka mai ɗori yake samun taurari da halayensu a shirye, sai dai idan ya sa jarumar da aka sani da kunya ta yi tsiwa ba dalili, nan take masu karatu za su yi masa ca. Mai ƙirƙira ba shi da wannan takunkumi, amma dole ya sa baƙon mai karatu ya damu da mutanen da bai taɓa ji ba, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi da Sumayya da Muhammad a littafinsa In Da So Da Ƙauna.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, ta bai wa marubuci ikon juya aikinsa zuwa wata siga, kuma kariyar tana kai wa shekara 70 bayan rasuwarsa. Irin wannan doka ce ta sa a ƙasashen waje akasarin labaran ɗori kyauta ake baza su. A nan kuwa al'adar ita ce a saki shafukan farko kyauta, sauran sai an biya, kuma wanda ya sayar da ɗori ba da izinin mai asali ba yana iya fuskantar shari'a.

Ɗori hanya ce mai kyau ta koyon tsara zance da jan labari, muddin an ambaci mai asali, an kuma nemi izininsa kafin a karɓi ko kwabo. Hukumomi sun fi mayar da hankali ga tace abin da littattafai suka ƙunsa. Da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka za ta riƙa bayyana waɗannan ƙa'idoji da Hausa ga matasan marubuta, da yawancin gardamar ta kau.