Rarar Kuɗi A Katin Bashi: Kuɗinka Ne, Amma Inji Bai San Haka Ba

Wata biyu bayan Babbar Sallah, wani tsohon ɗalibinmu da ke tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York ya aiko mana da hoton takardar bankinsa ta waya. Ya ce, "Malam, don Allah ku duba mini wannan lissafi. Kuɗina na cira, yaya aka yi kuma banki ke bi na bashi?" Da muka zauna da biro da takarda, sai muka ga banki bai yi kuskuren ko kwabo ba. Muka kuma ga cewa abin da ya same shi zai iya samun kowa daga cikin 'ya'yanmu na Nima da Mamobi da Zangon Kumasi da ke zaune a Amurka da Ingila da Jamus, shi ya sa muka kawo zancen wannan shafi.

Da farko sai mu bambanta kati biyu, domin a nan Gana yawancinmu guda ɗaya muka sani. Katin da bankunanmu suka fi bayarwa, kuɗin da ka ajiye a asusunka kake cira da shi. Katin bashi kuwa daban yake. Banki ne ke biya maka abin da ka saya, ƙarshen wata ya aiko maka da takarda ka biya shi. In ka biya duka kafin ranar da aka yanka, babu kuɗin ruwa; in ka rage saura, ruwa ya hau kai. Tun 1958 aka fara irin wannan kati a Amurka da sunan BankAmericard, wanda ya koma Visa a 1976.

To, yaya ake samun rara a katin da na bashi ne? Hanyoyin ba su da yawa. Ko dai mutum ya biya fiye da abin da ake bin sa, ko ya biya sau biyu bisa mantuwa, ko kuwa ya sayi kaya ya biya bashin, daga baya aka mayar masa da kuɗin kayan. Na ɗalibinmu na ukun ne: ya sayi tikitin jirgi, ya biya banki, aka soke tafiyar, kamfanin jirgin ya mayar da dala 600 cikin katin. A takarda sai a ga alamar ragi a gaban adadin, ko haruffan CR, ma'ana yanzu kai ke bin banki.

Da ya zo gida Sallah, sai ya ce ai yana da dala 600 a kati, bari ya cire su a sidi ya sayi rago ya yi wa dangi hidima. Injin ATM yana da iyakar abin da yake bayarwa a lokaci guda, don haka sau uku ya cira, kwatankwacin dala 200 kowane karo.

A nan gizo ke saƙa. Duk lokacin da aka sa katin bashi a inji aka ciri tsabar kuɗi, tsarin banki yana rubuta shi a matsayin rancen tsaba, ba ruwansa da ko akwai rara ko babu. Rancen tsaba kuwa yana da nasa caji. A Amurka bankuna da yawa suna karɓar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ko dala 10, wanda ya fi yawa a ciki. Katin ɗalibinmu na kashi 5 ne, wato dala 10 sau uku, dala 30 ke nan. Sannan akwai cajin amfani da kati a ƙasar waje, kashi 3 cikin ɗari, dala 6 sau uku, dala 18. Ko ɗan aji huɗu zai haɗa mana: dala 648 suka fita daga katin da ke da rarar 600. Ba mu ma sa abin da mai injin ya karɓa a nan gida ba.

Wani zai ce dala 48 ai ba abin tayar da hankali ba ne ga mai aiki a Amurka. Haka ne, da a nan abin ya tsaya. Amma rancen tsaba ba shi da kwanakin rangwame irin na sayen kaya. Tun ranar da aka cira ruwa ke fara hawa kan abin da ya wuce rarar, kuma ruwansa ya fi na sayayya tsada. Abin da ya fi muni, shi yaron nan ya saki jiki cewa ba a bin sa komai, bai buɗe takardar banki ba. Ranar biya ta wuce, aka ci shi tara. A Amurka kuwa, bashin da ya yi kwana 30 ba a biya ba ana iya kai rahotonsa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kuma tabon yana iya zama har shekara bakwai. Da wannan tarihi ake duba mutum in zai kama hayan ɗaki ko zai sayi mota bashi. Ga direban da ke burin mallakar motar kansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gaskiya ne bankuna sun bambanta. Akwai masu yafe cajin in rarar ta isa, akwai waɗanda ba sa yafewa. Amsar tana cikin takardar sharuɗɗan nan mai ƙananan haruffa da ake ba mutum ranar karɓar kati, wadda, mu faɗa wa juna gaskiya, ko mu malamai ba ma karantawa.

Abin da ya kamata ya yi mai sauƙi ne, kuma kyauta. A Amurka akwai ƙa'idar da ake kira Regulation Z, wadda ta fito daga dokar 1968 ta bayyana gaskiya a harkar rance. Ta ce in rarar ta wuce dala 1, kuma mai kati ya nema a rubuce, dole banki ya mayar masa cikin kwanakin aiki bakwai. Ko bai nema ba, in rarar ta haura wata shida a zaune, sai banki ya yi ƙoƙarin mayar masa. Da ya nemi a zuba kuɗin a asusunsa tun kafin ya taso, da sai ya aiko su ta hanyar da ya saba aike, su sauka a MoMo ɗin mahaifiyarsa. In ma ba ya son wannan, ya bar rarar ya riƙa sayen mai da cefane da katin har ta ƙare, babu caji ko ɗaya. Wanda kuma dole ta sa shi zuwa inji a nan gida, in injin ya tambaye shi ko a yi lissafi da dala ko da sidi, ya zaɓi sidi, don canjin da injin ke yi da kansa ya fi tsada.

Mun san akwai 'yan'uwa da ke zuba kuɗi a katin da gangan kafin su kashe, don gudun kuɗin ruwa saboda addini. Wajen sayayya dabarar tana aiki. Wajen cirar tsaba kuwa, kamar yadda muka gani, tana iya jefa mutum cikin abin da yake gudu. Ban da haka, banki yakan zargi kuɗi mai yawa da aka zuba fiye da bashi, har ya dakatar da katin sai an yi bincike.

Sai kuma 'yan damfara, waɗanda su ma sun gano wannan ƙofa. Wani zai ce zai biya kuɗi cikin katinka, kai kuma ka ciri rarar ka ba shi, ka riƙe kasonka. Kuɗin zai bayyana a katin kamar gaske, ka cira ka miƙa. Bayan 'yan kwanaki sai banki ya gano cakin na bogi ne ko asusun na sata ne, ya soke biyan. Shi ya tafi da tsaba, kai kuwa an bar ka da bashin duka da caji da ruwa, da sunanka a takardar bincike.

Ɗalibinmu dai mun ce masa, "Ɗana, biya abin da ake bin ka yau, kada ka kai gobe, sannan ka buga wa bankin ka roƙi su yafe tarar, tunda wannan ne karo na farko." Ya biya, ya buga. Sun yafe tarar, amma cajin dala 48 da ruwan da ya hau sun ce ya riga ya shiga littafi.